Takarda Biyar a Bakin Ƙofa

Shekara ashirin da shida ke nan ina gadin ƙofar makarantar nan, kuma duk wanda ya ce maka na taɓa ɗaga wa ɗan wani ƙafa, ka ce masa ni na ce ƙarya yake yi. Yara suna ce min Baba Agogo. A bayan idona suna da wasu sunayen, na sani, ai ni ba kurma ba ne. Ban yi karatun aji ba, amma na iya karanta agogo, na iya lambobi, na iya rubuta suna a littafin 'yan latti ko da rubutun zai karkace. Kuma ina da doka.

Ga dokar. Ƙararrawa tana bugawa bakwai da rabi. Wanda ya shigo kafin ta buga ya wuce abinsa, ba ruwana da shi. Daga bugawarta zuwa minti goma, zai tsinto min takardu da ledoji a filin makaranta, guda biyar na gaisuwa, sannan kowane minti guda ɗaya. Ka makara minti uku, takwas ke nan. Wanda kuwa ya wuce minti goma, babu sauran gaisuwa tsakaninmu, mintinsa zan ninka biyu. Minti ashirin, takarda arba'in, ya ƙirga min su cikin kwando ina kallo. Ban taɓa dukan ɗan kowa ba, kuma ka zo ka ga filinmu, ko bawon alewa ba za ka tsinta ba.

To, a cikin malaman da ke wucewa ta ƙofar nan kullum safiya akwai autata. A nan ta yi karatu, ta tafi ta ƙaro, ta dawo aka ɗauke ta koyar da lissafi a aji biyar. Ɗaukar gwaji aka yi mata ta shekara guda. In an gamsu da ita a ba ta takardar tabbatarwa, in ba a gamsu ba ta kama gabanta. A gida Auta nake ce mata. Da ta sako ƙafa cikin makaranta ta zama Malama, kuma ko kusa ba na yarda bakina ya kuɓuce. Ranar da na fara ganinta da alli a hannu ta tagar ajin da ke kallon ɗakin gadina, sai da na shiga ciki na rufe ƙofa na zauna, don kada yara su ga fuskar Baba Agogo tana wani abu dabam.

Amma akwai wata magana tsakanina da ita wadda ba mu taɓa tayarwa ba. Bari in faɗa maka tun yanzu.

Makarantar nan tana ba da kyauta ga duk ɗalibin da ya gama shekara shida sunansa bai shiga littafina ba. Takardar yabo ce, a kira ka gaban iyaye a tafa maka. A duk zamana yara huɗu kawai suka taɓa samu. Auta ta kusa zama ta biyar, saura mata mako uku. Ran nan uwarta ta tashi da zazzaɓi, ni na riga na fito, yarinya ta tsaya ta dafa mata ruwa ta ba ta magani, sannan ta kwaso da gudu. Na hango ta tun daga kwanar titi, jaka na dukan bayanta. Ƙafarta ɗaya a ciki, ɗaya a waje, ƙararrawa ta buga. Ga yara uku a bayanta sun zuba min ido. Na miƙa mata kwando na ce biyar. Ta dube ni, na kawar da kai, na buɗe littafi na rubuta sunanta.

Ta tsinto biyar ɗin, ta ƙirga min ɗaya bayan ɗaya. Kwana tara ba ta ce min komai ba in ban da gaisuwa. Uwarta kuwa, wadda ta tashi daga ciwo, ta wanke ni tas. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da agogon hannunsa ya fi 'yarsa daraja ba. Shekara takwas ke nan, kuma har kwanan baya in na tuna sai abin ya dame ni.

To, mu dawo kan bana. Wata ranar Litinin da yamma na dawo gida na tarar da Auta zaune a tsakar gida, ta baje takardun gwaji a kan tabarma, jan biro a hannu, fuskar nan kamar za ta fashe. Uwarta ta yi min alama da ido wai kada in tanka. Ni kuwa ba a yi min haka.

"Auta, wa ya mutu?"

"Ni ce, Baba," in ji ta. "Yara arba'in da huɗu, talatin da takwas sun faɗi. Shugaban sashe ya kira ni. Ran Alhamis mai duba malamai za ta zo ta zauna a ajina, kuma wannan darasin za ta gani. In ya sake rushewa, ya ce shi ba zai iya sa hannu a takardata ba."

Na ajiye hulata na zauna. Na ce ta nuna min abin da ya kayar da su. Ta turo min takarda ɗaya. Ga layi uku na rubutu, an kama su daga gefe da wani zane kamar gashin baki an tsayar da shi tsaye.

Ta ce ƙa'ida ce mai yanki uku. Za a ba ka lamba. Kowane layi yana da sharaɗinsa a gefe, wannan na ƙananan lambobi, wannan na tsakiya, wancan na manya. Aikinka ka duba inda lambar ta faɗa, ka yi aiki da wannan layin shi kaɗai, ka bar sauran biyun.

"To, sai me?"

"Sai su yi duka ukun! Duba nan. An ba shi lamba ɗaya, ya kawo min amsa uku. Wannan kuma da ta ga amsa uku sun yi yawa sai ta tara su ta ba ni jimla. Na yi bayani, na yi bayani, har muryata ta dushe. Tun suna firamare ake buga musu cewa kada su kuskura su bar layi ba amsa, maki zai tafi. Yanzu in ce su tsallake layi biyu, gani suke tarko na ɗana musu."

Na ce, "Tsaya. Waɗanne yaran? 'Yan aji biyar ɗin nan? Yaran da tun daga bakin titi suke leƙen agogona su faɗa min takarda nawa za su tsinta kafin in buɗe baki? Akwai wata doguwa mai tsinken baki a ajinki, Sarauniyar Latti nake ce mata. Wallahi yarinyar nan ta fi ni saurin lissafin dokata, kuma ba ta taɓa tsinta sau uku a rana ɗaya ba. Ai abin nan naki aikina ne."

Ta yi wata 'yar dariya ta gajiya, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Baba, don Allah. Wannan lissafi ne, ba tsintar shara ba."

Kai! Maganar nan ta shige ni. Na ɗauki hulata na ce to, Allah ya ba da sa'a, Malama. A gida fa na ce mata Malama, kuma ta ji. Na shige ɗaki. Uwarta ta biyo ni tana cewa in yi haƙuri, yarinya ce hankalinta a tashe. Na ce ni ban ce komai ba. Ta ce ai shi ne matsalata tun ina saurayi.

Talata da Laraba ina kallonta ta taga. Ta zo da manyan takardu ta manna a bango, ta sayo alli mai launi uku, kowane layi da launinsa. Yara suna gyaɗa kai, suna cewa sun gane. Ni dai na san irin gyaɗa kan nan, shi suke yi min in na ce gobe kada su makara.

Ran Alhamis mai duba malamai ta iso bakwai da kwata. Mace ce mai jiki, da tabarau a kan karan hanci da baƙar jaka, ba ta da fara'a ko ta magani. Na buɗe mata ƙofa na ce sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Ta dubi agogonta, ta dubi nawa, ta wuce. Na ce a raina, wannan irin tawa ce, Allah ya jiƙan Auta.

Darasin farko ne. Ƙararrawa ta buga, aji ya zauna, mai tabarau ta ja kujera can baya, shugaban sashe kusa da ita. Daga bakin ƙofa zuwa tagar nan bai fi taku goma sha biyar ba, ina jin komai. Auta ta fara da kyau, muryarta ba rawa. Ta zana gashin bakin, ta rubuta layi uku, ta yi misali ɗaya. Sai ta ce wa zai fito ya gwada. Shugaban aji ya fito, yaro mai ƙoƙari, wanda ake ji da shi. Ta ba shi lamba. Ya yi layin farko. Ya yi na biyu. Na ga hannunsa ya gangara na uku, na ce innalillahi. Ya ja layi ƙarƙashin amsa uku, ya juyo yana murmushi, aji ya tafa masa.

Mai tabarau ta buɗe jaka ta ɗauko biro.

Auta ta tsaya da alli a hannu. Na san tsayuwar nan, irin ta ce ta yi a gabana shekara takwas da suka wuce. Amma me mai gadi zai yi? Ba a kira ni ba, kuma an riga an gaya min matsayina.

Ana cikin haka sai ga Sarauniyar Latti ta kunno kai daga titi, tana tafe tana taunar wani abu, ko gudu babu. Yau fa, ranar da aka yi ta roƙonsu kowa ya zo da wuri. Duk haushin da ke cikina ya sami wurin sauka.

"Ke! Zo nan. Yau ma?"

Ta kama hannuna ta juyo agogon, kamar nata. "Minti goma, Baba Agogo. Goma sha biyar."

"Ashirin," na ce, don raina a ɓace yake.

"Haba Baba! Goma cif ne fa, ban wuce goma ba. Kai da bakinka ka ce ninki sai an wuce goma. Biyar da goma, sha biyar. Ko dokar ta canja ne yau don an yi baƙuwa?"

Muryar yarinyar nan kamar an fasa kwano, duk makaranta sai da ta ji. Kuma gaskiyarta. Na miƙa mata kwando na ce sha biyar ɗin, uwar iyayi. Da na ɗago sai na ga Auta tsaye jikin taga tana kallonmu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta juya ta ce wa ajin, "Kowa ya tashi. Ku bar littattafanku. Bakin ƙofa."

Shugaban sashe ya miƙe yana wani yi mata nuni da hannu, ko kallonsa ba ta yi ba. Yara arba'in da uku suka bulbulo waje suka kewaye ɗakin gadina. Mai tabarau ta biyo su a hankali da biro da takarda, ta tsaya a inuwa. Ni kuwa na miƙe na gyara rigata, na rasa inda zan sa hannuwana.

Auta ta zo gabana. Ta ce, a gaban kowa, "Baba, ka ara min bangonka da dokarka." Na matsa gefe.

Ta zana gashin bakin nan a jikin bangon ɗakin gadi, babba, tsayin mutum. Ta ce wa yara su faɗa mata dokar Baba Agogo. Ka ji baki! Waɗanda a aji ba a jin ko tarinsu, nan har rige-rige suke yi. Ta ce mintin da mutum ya makara za su kira shi x. Layin farko, wanda ya zo kafin ƙararrawa, ta rubuta sifili. Layi na biyu, daga ƙararrawa zuwa goma, ta rubuta x a tara da biyar. Layi na uku, sama da goma, x sau biyu. Ina tsaye ina kallon dokata, wadda na ƙirƙira da kaina a kan bencin nan, ta zama irin rubutun da ke cikin littattafansu.

"Shugaban aji," in ji ta, "ka makara minti huɗu. Nawa?"

"Tara, Malama."

"Ba ka yi layin farko ba fa. Ba ka yi na uku ba. Kawo min amsa uku."

Ya dube ta kamar ta zautu. "Malama, ai mutum ɗaya ne. Sau ɗaya ya zo. Ta yaya zai tsinci sifili, ya tsinci tara, ya kuma tsinci takwas?"

"To, lambar da na ba ka ɗazu a allo, sau nawa ta zo?"

Na ga bakin yaron ya buɗe a hankali, ya dafe kai. Sai wata hayaniya ta tashi cikin yaran, wannan na cewa au, wancan na cewa ashe, wata ta bugi kafaɗar ƙawarta. Auta ta ce, "Kowace lamba ɗaliba ce, ta zo bakin ƙofa. Kafin ku taɓa lissafi, ku fara duba agogo. A ina ta faɗa? Sannan ku yanke mata hukuncinta, guda ɗaya."

Ta shiga jefa musu lambobi. Sha biyu, suka ce ashirin da huɗu. Bakwai, suka ce sha biyu. Wanda ya zo saura minti shida, suka ce ya wuce abinsa, sifili. Ta ce goma da rabi fa. Sai Sarauniyar Latti ta ɗago daga tsintarta can gefen fili ta ƙwala, "Ya wuce goma! Ashirin da ɗaya!" Aka tuntsire da dariya, har ni.

Auta ta durƙusa ta ja dogon layi a ƙasa, a kan simintin bakin ƙofa, ta sa alamar sifili da ta goma. Ta nuna musu cewa a kan iyaka ake samun rigima, don haka dole a nuna iyakar ta wane yanki ce. Yankin da ya mallake ta a yi masa ɗigo a cike shi da alli, wanda bai mallake ta ba a bar nasa ɗigon da rami. A kan goma ta cike ɗigon layin tsakiya, ta ce shaidarta ga ta can da kwando.

A nan ne mai tabarau ta yi magana karon farko. Ba Auta ta tambaya ba. Ni ta duba ta saman tabarau.

"Baba, wanda ya sako ƙafa daidai lokacin da ƙararrawa ta buga fa? Bai makara ko minti ɗaya ba. Layin farko yake ko na biyu?"

Wallahi da ta san abin da ta taɓo, da ba ta tambaya ba. Yara suna jira. Ban iya kallon Auta ba. Sai na ji wani abu yana ce min in ce ya wuce abinsa, ko don in wanke kaina a gabanta sau ɗaya. Amma yaran nan arba'in da huɗu sun san dokata, kuma ni ban iya canja magana don ido ba.

"Biyar ne, ranki ya daɗe," na ce. "In ta buga, ta buga."

"Ka tabbata? Ba tsanani a ciki?"

Kafin in amsa Auta ta ce, "Ya tabbata, ranki ya daɗe. Ni na tsinci biyar ɗin."

Ta durƙusa kan alamar sifili, daidai inda ƙafarta ta tsaya a wancan lokacin, ta zana ɗigo ta shiga cike shi da alli. Tana cikewa tana magana, kuma da yaran take, ba da baƙuwa ba.

"Ina aji shida na tsaya a nan. Saura mako uku in karɓi kyautar wanda bai taɓa makara ba. Mai gadin nan mahaifina ne, ga waɗanda ba su sani ba. Ya ba ni kwando ya rubuta sunana. Na ji haushinsa, ba kaɗan ba, na daɗe ina ji. Amma ku duba. Da ya bar ni na wuce, washegari wani ya zo daidai wannan lokacin ya ce masa biyar, lamba ɗaya ta sami amsa biyu ke nan, sifili in 'yarsa ce, biyar in ɗan wani ne. Abin da ke ba lamba ɗaya amsa biyu ba ƙa'ida ba ne, a lissafi ba ma karɓarsa. Shi ya sa dole ɗigo ɗaya ya cika, ɗaya ya zauna da rami." Ta miƙe ta karkaɗe hannu. "Na yi shekara huɗu ina karanta wannan a jami'a, ban lura a ƙofar nan na fara koyonsa ba sai yau."

Ni dai ban san me ya faru da idona ba. Na juya na shiga gyara kwadon ƙofa, wanda babu abin da ya same shi. Na ji wata yarinya tana raɗa wa wata, "Baba Agogo kuka yake." Na ce ba tare da na juyo ba, duk wadda ta sake magana takarda ɗari.

Mai tabarau ba ta nuna komai a fuska ba. Ta ce, "Dokar ƙofa sun sani, kullum suna cikinta. Bari mu ga wadda ba su sani ba." Ta karɓi allin daga hannun Auta, ta rubuta tata a gefen bango. Na sa an karanta min daga baya har na haddace. Lambar da ba ta kai biyu ba, a ƙara mata bakwai. Daga biyu zuwa ƙasa da takwas, a ninka ta uku. Daga takwas zuwa sama, a cire mata ɗaya. Ta ce lambarta takwas ce. Ta duba yaran nan kaf, ta tsallake masu ɗaga hannu, ta nuna wadda ke riƙe da kwandon shara.

Yarinyar nan tana cikin talatin da takwas ɗin da suka faɗi, kuma ita ce ta tara amsa uku ta ba da jimla, Auta ta gaya min daga baya. Ta ajiye kwando, ta goge hannu a siket, ta zo ta tsaya tana karanta bango tana motsa baki. Wasu daga baya suna raɗa mata ashirin da huɗu, don sun ɗauka iyakar ta layin tsakiya ce kamar goma a dokata. Ta yi tsaki ta ce su yi mata shiru.

"Wannan mai gadin ba irin Baba Agogo ba ne," in ji ta. "Shi Baba goma cif tana tsakiya. Wannan kuwa ya ce ƙasa da takwas, to takwas ba ta ƙasa da takwas. Ta faɗa layin ƙarshe. A cire ɗaya. Bakwai." Ta rubuta bakwai, ƙatuwa, ta miƙa allin. "Saura takarda huɗu a kaina, in je in ƙarasa?"

Mai tabarau ta ba wasu yara biyar lambobi dabam-dabam, huɗu suka ci, na biyar ya fara gangarawa layi na biyu bayan ya gama na farko, aji duka suka yi masa ca, wai mutum ɗaya ba ya tsinta sau biyu. Ya goge da sauri. Ta rufe birota ta sa a jaka. Da za ta fita da rana na buɗe mata ƙofa, ta tsaya ta dubi bangon, ta dube ni.

"Baba, kada ka bari a goge wannan."

Na ce, "Ranki ya daɗe, wa ya isa?"

Takardar ta fito bayan mako biyar. Auta ba ta kai ta gida ba, nan ta kawo min ɗakin gadi da aka tashi, ta ajiye a kan benci ta ce in buɗe. Na ce ai ta san ba zan iya karanta dogon turancin nan ba. Ta karanta min, ta fassara, an tabbatar da ita. Sannan ta zauna gefena, ta ce, "Baba, maganar da na faɗa maka ta shara, ka yafe min."

Na ce, "Ke ma biyar ɗin nan..."

"A'a," in ji ta. "Wannan ka bar min ita. Ba na so a goge."

Na jawo tsohon littafin 'yan latti na shekararta daga ƙasan akwati, na buɗe shafin. Ga sunanta nan da karkataccen rubutuna, sau ɗaya tak cikin shekara shida. Na ninke takardar tabbatarwar na sa a wurin, na ce ta kwana nan yau, gobe ta ɗauka. Da muka je gida uwarta ta yi ta guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta kuma ce min kada in ga an yabe ni in ɗauka ta janye maganar agogo.

Ina alfahari da yarinyar nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Duk baƙon da ya zo makarantar nan sai na tsayar da shi na nuna masa bango, ko yana sauri. Masu fenti sun zo da hutu, na tsaya a kansu har suka zagaye rubutun. Layin da ke ƙasa kuwa ruwan sama yana wanke shi, takalman yara suna share shi. Auta tana ba ni guntayen alli. Kullum da safe kafin kowa ya iso nakan durƙusa, da gwiwar nan tawa mai ciwo, in sake cike ɗigon da ke kan sifili.